Ƙarfen Wuƙaƙen Sara

Ƙarfen wuƙaƙen sara shi ne rukunin ƙarafan da ake zaɓa ko a haɗa domin ƙera manyan wuƙaƙen daji, irin su adda, da kukuri ta ƙasar Nefal, da farang da golok na Malesiya da Indunusiya, da bolo ta Filifin. Askar wanzami da wuƙar mahauci ja ake yi da su, kaifi kawai ake nema a wurinsu. Wuƙar sara kuwa duka take sha. Kowane sara yana girgiza ta tun daga baki har ƙota, wani lokaci ta faɗa kan kulli a jikin busasshen itace, ko ta kuskure ta sami dutse. Saboda haka abin da ake fara tambaya game da ƙarfenta shi ne ko zai jure wannan duka ba tare da ya tsage, ya yi giɓi ko ya karye ba.

Tauri da juriya

Masana ƙarfe sun raba halaye biyu da mutane suka saba gwamawa. Tauri shi ne ƙin lotsawa, kuma shi ke sa baki ya daɗe bai dakushe ba. Juriya ita ce iya shanye ƙarfin bugu ba tare da karyewa ba, kishiyarta kuwa gautsi. Magagari ya fi adda tauri nesa ba kusa ba, amma in aka maƙala shi a wani wuri aka buge shi da guduma sai ya ɓalle gida biyu, ita kuwa adda ta lanƙwashe ta dawo. A kusan kowane ƙarfe, ƙarin tauri yana rage juriya, kuma duk aikin masu haɗa ƙarfen sara yana tsakanin waɗannan biyun ne.

Sinadarin kabon shi ke ba ƙarfe damar yin tauri. In ya gaza kashi 0.3 cikin ɗari, ƙarfen ba ya ɗaukar tauri sosai ko an tsoma shi a ruwa. In ya yi yawa, rarar takan haɗu da ƙarfen ko da wasu sinadarai ta zama ƙwayoyi masu tsananin tauri da ake kira kabaid. Waɗannan ƙwayoyi suna hana baki saurin cinyewa, sai dai daga jikinsu tsaga take farawa, musamman in manya ne. Shi ya sa yawancin ƙarafan sara suke da kabon tsakanin kashi 0.5 da 0.8 cikin ɗari.

Tarihi

Maƙeran da ba su da ma'auni sai ido da kunne da hannu. Ƙarfen da ake samu daga narkar da tama ba ya fitowa bai ɗaya: wani gefen dunƙulen yana da kabon da yawa, wani kusan babu. Maƙeri yakan gane su ta yadda suke amsa masaɓa da yadda suke karyewa, ya ware mai tauri domin baki, mai laushi domin jiki. A ƙasar Hausa, ana kyautata zaton an yi narkar tama a kewayen dutsen Dala tun wajen ƙarni na 7. Wannan sana'a ta ja baya a farkon rabin ƙarni na 20, lokacin da ƙarfen Turai da tarkacen jirgin ƙasa da na motoci suka wadata.

Babban sauyi na farko ya zo ne daga Shafil ta Ingila. A wajen shekarun 1740, wani mai gyaran agogo, Benjamin Huntsman, ya gano hanyar narkar da ƙarfe gaba ɗaya a cikin tukunyar yumɓu mai jure wuta, har kabon ya gauraye ko'ina daidai. Sifirin agogo yake nema wa ƙarfe mai kyau, amma masu ƙera wuƙa su ma sun ci moriya, domin daga nan ne aka fara samun ƙarfen da za a iya yarda da halinsa daga wannan sanda zuwa waccan.

A ƙarni na 19 adda ta zama hajar masana'anta. Kamfanin Collins, wanda aka kafa a jihar Konetikat ta Amurka a 1826 domin ƙera gatura, ya fara yin adduna a wajen 1845, ya cika kasuwannin Kudancin Amurka da su. A Ingila, kamfanin Ralph Martindale na Bamingam, wanda ya faro a 1874, ya yi suna da addarsa mai tambarin kada, wadda manoman Afirka ta Yamma suka sani sarai. Addunan masana'anta sirara ne, kaurinsu bai cika wuce milimita 2 zuwa 3 ba, kuma da gangan ake rage musu tauri. Manomi ya fi son addar da zai wasa a kan dutse cikin ɗan lokaci a kan wadda za ta ɓalle masa a tsakiyar gona, kuma gaskiyarsa.

Zuwan mota ya ba maƙeran duniya wani ƙarfe da ba domin su aka yi shi ba: sifirin. An haɗa ƙarfen sifirin ne domin ya lanƙwashe ya dawo sau miliyoyi a ƙarƙashin kaya, wato ainihin halin da wuƙar sara take buƙata. Mafi shahara a cikinsu shi ne wanda tsarin lambobin Amurka ya kira 5160. Lambobi biyun farko suna nuna dangin ƙarafa masu ɗan kuromiyam, biyun ƙarshe kuma suna nuna kabon kashi 0.60 cikin ɗari. Maƙeran Nefal, waɗanda ake kira kami, da sifirin manyan motoci suke ƙera kukuri, wuƙar nan mai lanƙwasa da Turawan Ingila suka fara sani a hannun sojojin Gurka na Nefal a yaƙin da suka yi da su daga 1814 zuwa 1816. Haka maƙeran farang da bolo suke yi, haka kuma maƙeranmu suke neman tsohon sifirin a wurin 'yan gwangwan domin adda da gatari da barandami. Abin lura shi ne ba kowane sifirin ne 5160 ba, kuma wanda ya sha hanya yakan zo da ƙananan tsagogin gajiya da ido ba ya gani, sai an gama wahalar ƙira su bayyana.

Horon wuta

Ƙarfe mai kyau a hannun wanda bai iya wuta ba asara ne. Matakin farko shi ne a zafafa wuƙar har tsarin cikinta ya sauya, wanda a ƙarafa masu sauƙin haɗi yakan kasance tsakanin digiri 800 da 850 a ma'aunin Salshiyas. Maƙera da dama suna gwadawa da maganaɗisu, domin ƙarfe yana daina kama shi a wajen digiri 770, sai a ɗan ƙara wuta kaɗan. In aka zarce, ƙwayoyin ƙarfen sukan kumbura su yi girma, kuma wannan na cikin manyan dalilan karyewar wuƙa. Ana ganinsa a wurin karaya: mai kyau yana da laushin gani, launin toka, wanda ya ƙone kuwa tsakuwa-tsakuwa yake da ƙyalli.

Daga nan sai a tsoma ta cikin mai ko ruwa. Saurin sanyin yana haifar da wani tsari mai tsananin tauri da gautsi, matensait, wanda aka sa wa sunan masanin Jamus Adolf Martens. Wuƙa a wannan hali ba ta saruwa. Sai an sake gasa ta a wuta marar ƙarfi, galibi tsakanin digiri 175 da 230, ta saki kaɗan daga taurin ta sami juriya. Maƙeri yana karanta wannan a launin da ke bin gogaggen ƙarfe: ruwan ƙasa-ƙasa mai haske kamar na kara a wajen digiri 220, shuɗi a wajen 300. Akwai tarko a nan. Ƙarafa da yawa, in aka gasa su tsakanin digiri 250 da 400, taurinsu yana raguwa amma juriyar ma ta faɗi maimakon ta ƙaru.

Wata tsohuwar dabara ita ce a taurara baki kawai a bar gadon baya da laushi. Kami na Nefal suna yin haka ta hanyar tsiyaya ruwa daga buta a kan bakin kukuri tana ja zur.

Gwaji

Ma'aunin tauri da aka fi amfani da shi shi ne na Rockwell, wanda Hugh Rockwell da Stanley Rockwell suka sami rajistar ƙirƙirarsa a Amurka a 1919. Ana danna tsinin lu'ulu'u a jikin ƙarfe da nauyin kilo 150, a auna zurfin ramin. A wannan ma'auni, inda babbar lamba ke nuna ƙarin tauri, addunan gona sukan faɗa tsakanin 50 da 55, manyan wuƙaƙen sara masu kauri tsakanin 57 da 60.

Juriya kuwa da karyawa ake auna ta. Hanyar da ta yi fice tana ɗauke da sunan Georges Charpy, injiniyan Faransa da ya bayyana ta a 1901, ko da yake wani Ba'amurke, S. B. Russell, ya riga shi gwada irinta 'yan shekaru kafin nan. Ana yanka ɗan sandan ƙarfe mai faɗi da kauri milimita 10 da tsawon milimita 55, a yi masa tsaga a tsakiya, a saki wata guduma mai lilo ta buge shi. Gudumar takan wuce ta hau ɗaya gefen, kuma gwargwadon yadda hawanta ya ragu, gwargwadon ƙarfin da sandan ya shanye kafin ya karye. Darajar wannan gwaji ta fito fili a Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da wasu jiragen ruwan dakon kaya na Amurka samfurin Liberty suka riƙa tsagewa a ruwan sanyi. Binciken Constance Tipper ta Jami'ar Kambirij ya nuna cewa ƙarfen da ke da danƙo a yanayin ɗumi yana iya komawa mai gautsi in sanyi ya kai wani mataki. Masu sara a ƙasashen ƙanƙara suna la'akari da wannan har yau. Da yake ƙarfen wuƙa ya fi na gini tauri ƙwarai, masu gwada shi sukan yi amfani da sanda marar tsaga ko mai tsaga marar zurfi, in ba haka ba duk sakamakon sai ya taru a ƙasa a kasa bambance su.

Injin ba ya gwada wuƙa, guntun ƙarfe yake gwadawa. Gwajin da ya fi kusa da aikin gaske shi ne na ƙungiyar maƙeran wuƙa ta Amurka, American Bladesmith Society, wadda Bill Moran da abokansa suka kafa a 1976. Mai neman shaidar ƙwarewa zai zo da wuƙar da ya ƙera da hannunsa, wadda ruwanta bai wuce inci 10 ba. Zai datse igiya mai kaurin inci 1 da ke reto da sara guda. Zai sare katako mai inci 2 da 4 har sau biyu. Bayan haka dole bakin ya aske gashin hannu, kuma ba giɓi ba lanƙwasa. A ƙarshe a ɗaure wuƙar a matsi a tanƙwara ta har kusurwar digiri 90 ba tare da ta ɓalle ba. Wannan jarrabawa tana da kyau domin ta haɗa kaifi da tauri da juriya a wuƙa ɗaya, kuma 5160 da danginsa masu sauƙin haɗi ne masu neman shaidar suka fi zuwa da su.

Daɗewar kaifi ana auna ta da injin cibiyar CATRA ta Shafil, wanda ke yanka takardu masu ɗauke da yashi. Bai shafi sara sosai ba.

Ƙarafan zamani

A wajen 1970 kamfanin Crucible na Amurka ya fara sayar da ƙarfen gari. Ana fesa narkakken ƙarfe ya daskare ya zama gari, sannan a matse garin da zafi ya koma dunƙule. Da yake kowace ƙwaya ta daskare nan take, kabaid ba ya samun lokacin girma. Daga wannan hanya aka sami CPM 3V a ƙarshen shekarun 1990, mai kabon kashi 0.8, kuromiyam 7.5 da banadiyam 2.75, wanda ya haɗa juriya mai yawa da daɗewar kaifin da ƙarfen sifirin ba ya kaiwa. Masu gasar sara ta BladeSports sun daɗe suna son CPM M4, domin yana riƙe siririn baki a tauri mai yawa. S7, wanda aka yi domin kurfi da bakin injin fasa kankare, yana da juriya ƙwarai amma yana saurin dakushewa.

Gwaje-gwajen da masanin ƙarfe Larrin Thomas ya wallafa sun nuna 5160 da wani ƙarfe mai lamba 8670 suna sahun gaba a juriya, sun fi ƙarafan 1095 da O1, sun kuma yi wa D2 mai manyan kabaid nisa. A cikin marasa tsatsa, AEB-L, wanda aka yi domin reza, ya fito da juriyar da ta ƙaryata tsohon zancen cewa duk ƙarfe marar tsatsa gautsi gare shi. Shi Thomas ɗin ne ya haɗa wani ƙarfe marar tsatsa mai suna MagnaCut, wanda ya fito a 2021.

Saɓani

Kamfanin ƙera wuƙaƙe na Busse bai bayyana cikakken haɗin ƙarfensa INFI da yadda yake hora shi ba, don haka ra'ayi ya rabu a kan fifikonsa. Ana kuma jayayya kan ko wuƙar da aka ƙera da masaɓa ta fi wadda aka yanko aka goge. Yawancin masana ƙarfe suna ganin horon wuta da kaurin baki sun fi hanyar ƙira tasiri. Sanyaya wuƙa a ruwan naitirojin bayan tsomawa yana ƙara tauri, amma amfaninsa ga juriya bai tabbata ba.