Gargaɗi kafin darasi: me ya sa jami'o'in Amurka ke ta ce-ce-ku-ce a kansa?

Wane irin gargaɗi ne wannan?

Malami ne zai ce wa ɗalibai, kafin a buɗe littafi ko a kunna fim, "a cikin wannan akwai fyaɗe", ko kisa, ko wanda ya kashe kansa. Turawa na kiransa "trigger warning", kuma kalmar "trigger" daga kunamar bindiga aka aro ta. Mu da Hausa sai mu ce abin da zai fama wa mutum tsohon miki. Tushensa ciwon firgicin da ke bin wanda ya tsira daga bala'i, wanda likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka shigar cikin kundinsu a 1980, bayan yaƙin Biyetnam.

To mene ne laifi a ciki? Ai ladabi ne.

Ladabi ne kam, kuma ina tare da shi. Ɗalibar da aka kashe mata mahaifi a gabanta a Bama ko Gwoza, bai kamata a kunna mata hoton yanka ba shiri. Rigimar ta taso ne da aka nemi mai da abin doka.

A 2013 kwalejin Obalin da ke jihar Ohayo ta fitar da jagora ga malamanta, ta ba su shawarar su cire duk abin da zai iya fama wa ɗalibi ciwo idan ba dole ne ga darasin ba. Misalin da ta kawo namu ne: Things Fall Apart na Chinua Achebe, wanda ya fito a 1958. Ta yaba littafin, amma ta ce zai iya tayar da hankalin wanda ya taɓa ɗanɗana wariyar launin fata, ko mulkin mallaka, ko tashin hankali, ko lamarin mutum ya kashe kansa. Malamai suka yi ca, aka janye jagorar a 2014. Abin ya taɓa ni, domin littafin da yaranmu ke karantawa a sakandare ne. Achebe ya rubuta kisan yaron nan Ikemefuna da yadda jarumin littafin, Okonkwo, ya rataye kansa ne don mai karatu ya ji zafin, kuma zafin shi ne darasin.

Ina ruwan 'yancin faɗin albarkacin baki da wannan?

Malamin da ya san za a iya kai ƙararsa kan shafi ɗaya, zai gwammace ya ajiye littafin gaba ɗaya. Ba wanda ya hana shi, shi ya hana kansa. Shi ya sa a 2016 jami'ar Cikago ta rubuta wa sababbin ɗalibai wasiƙa cewa ba ta goyon bayan irin wannan gargaɗi, kuma ba ta soke gayyatar mai lacca don ra'ayinsa zai jawo gardama. A 2023 majalisar ɗaliban jami'ar Konel ta nemi a wajabta shi, shugabar jami'ar ta lokacin, Martha Pollack, ta ƙi, ta ce hakan zai tauye 'yancin malamai.

Doka fa?

Gyara na farko a kundin tsarin mulkin Amurka, na 1791, wanda ya kare 'yancin faɗin albarkacin baki, ya ɗaure hannun jami'o'in gwamnati. Masu zaman kansu, irin su Obalin da Cikago, alkawarin da suka ɗauka da bakinsu ne ke riƙe su.

Gargaɗin yana taimaka wa waɗanda aka yi shi dominsu?

Nan ne na fi jin nauyi. Masu bincike a jami'ar Habad, Payton Jones da Benjamin Bellet da Richard McNally, sun gwada shi a 2020 a kan mutanen da suka taɓa shiga mummunan tashin hankali. Bai rage musu raɗaɗin abin da suka karanta ba, har ma ya ƙara musu ganin cewa ciwon nan shi ne ginshiƙin rayuwarsu. Wani nazari na 2023 da ya tattara gwaje-gwaje da dama ya samu cewa gargaɗin yana ƙara fargaba tun kafin a fara karatun, kuma yawanci ba ya sa mutane su fasa karantawa.