Koyar da ilimin lantarki ta hanyar gwajin batir da ƙwan fitila

Koyar da lantarki ta hanyar gwaji dabara ce da ake ba ɗalibi batir da waya da ƙwan fitila ya haɗa da hannunsa, ya ga abin da zai faru, kafin malami ya kawo masa bayani da lissafi. Abin da yake haɗawa shi ake kira kewayen lantarki, wato hanyar da ta tashi daga kan batir, ta ratsa ta cikin ƙwai, ta dawo gindin batir ba tare da ta yanke ba. Ana amfani da dabarar tun daga manyan ajujuwan firamare har zuwa shekarar farko ta jami'a.

Asali

Shi kansa ilimin lantarki a kan teburin gwaji aka haife shi. A 1800 Alessandro Volta na Italiya ya jera faya-fayan tutiya da na tagulla, ya raba su da kwali jiƙe da ruwan gishiri, ya samar da batir na farko. A 1820 Hans Christian Ørsted na Denmak ya lura cewa allurar kamfas tana karkata idan wuta na bi ta wayar da ke kusa da ita. Georg Ohm kuwa, wanda ya fitar da ƙa'idarsa a 1827, malamin sakandare ne a birnin Kolon na Jamus lokacin da yake gwaje-gwajensa.

Shigar dabarar ajin yara sosai ta biyo bayan harba tauraron ɗan'adam na Sputnik da Tarayyar Sobiyet ta yi a 1957. Amurka ta ga an tsere mata, ta zuba kuɗi a gyaran manhajar kimiyya, kuma a shekarun 1960 aka fito da darussan firamare da suka ƙunshi wani sashe na batir da ƙwan fitila kaɗai. Irin wannan tunani ne aka kawo Afirka ta shirin koyar da kimiyya a firamare da aka fi sani da APSP, wanda aka ƙaddamar a wani taro a Kano a 1965, ya kuma dage a kan amfani da kayan da ake samu a kusa.

Gwajin farko

Ana ba ɗalibi batir guda mai bolt 1.5, irin na tocila, da ƙwai guda, da waya ƙwaya ɗaya tak, a ce ya kunna. Yawanci yaro zai ɗora bakin waya a kan batir, ya kai ɗaya bakin ga gindin ƙwan, ya jira. Shiru. Wani zai haɗa kan batir da gindinsa da wayar, ya dangwala ƙwan a tsakiya, sai ya ji wayar ta ɗau zafi ya sake ta. Sai an jima wani zai gano cewa ƙwan yana da wurin taɓawa biyu: ɗigon dalmar da ke gindinsa da kuma ƙarfen da ya zagaye gefensa. Dole ɗaya ya taɓa wani ɓangaren batir, ɗaya ya taɓa wayar da ta fito daga ɗaya ɓangaren. Hanyoyi huɗu ne ke kunna shi, kuma malamai kan sa ɗalibai su zana duk haɗin da suka gwada, har da waɗanda ba su ci ba, domin a cikin waɗannan ake ganin abin da ke ran yaro.

Abin da ke ran yaro

A nan dabarar ta fi amfani. Roger Osborne da abokan aikinsa a Jami'ar Waikato ta New Zealand sun bi diddigin tunanin yara a farkon shekarun 1980, suka ga ya kasu kashi-kashi. Wasu na ɗauka waya ɗaya ta isa, kamar yadda tiyo ɗaya ke kai ruwa. Wasu na ganin wuta biyu ce ke fitowa daga kai da gindin batir, su yi karo a cikin ƙwai ya haska. Mafi taurin kai shi ne tunanin cewa ƙwan yana cinye wutar, saboda haka wadda ta koma batir ba ta kai wadda ta fito ba. Yadda muke magana ma yana ƙarfafa wannan, tunda kullum cewa muke firji na shan wuta, batir ya ƙare.

Maganinsa a jera ƙwai biyu iri ɗaya a kan hanya guda, a tambayi aji wanne zai fi haske kafin a kunna. Da yawa za su zaɓi na kusa da kan batir. Idan aka kunna, haskensu ɗaya. A sa amita, na'urar auna kwararar wuta, kafin ƙwan da bayansa, lamba ɗaya take nunawa. Abin da ƙwan ke karɓa makamashi ne, ya mayar da shi haske da zafi. Kwararar kanta ba ta raguwa. Malamai kan kwatanta da sarƙar keke: ana taka feda, tayar baya ta motsa nan take, sarƙar kuma ba ta ragu ko da ƙwaya ɗaya ba. Idan ba a fara da tambayar hasashen ba, yaro zai iya kunna ƙwai goma ya tashi da tunaninsa na dā.

Jere da rassa

Ƙwai biyu a jere sun fi guda ɗaya dusashewa, kuma idan aka cire ɗaya, ɗayan ya mutu. Idan aka ba kowanne reshensa, duka suna haske sosai, cire ɗaya ba ya taɓa ɗan'uwansa, amma batir ya fi saurin mutuwa. Haɗin rassa shi ne na wayarin gida. Daga nan ake shiga ƙa'idar Ohm: a raba ƙarfin turin batir (bolt) da turjiyar da hanya ke yi wa wuta (om) a sami kwarara (amfiya). Bolt 3 a kan turjiya mai om 10 yana ba da amfiya 0.3. A jarrabawar aikin hannu ta kimiyyar fiziks da hukumar WAEC ke shiryawa, lantarki na cikin tambayoyi uku da ake zaɓar biyu, inda ɗalibi ke haɗa amita da boltmita (mai auna bolt) da makunni, ya ɗauki awo, ya zana giraf.

Kayan aiki

Ba sai da ɗakin gwaji ba. Ana yanke kewaye a bar giɓi, a riƙa cike shi da cokali, ƙusa, roba, tsinke, ruwan gishiri ko bakin fensir, a ga wanne ke wucewa da wuta. Fensir kan ba yara mamaki, domin bakinsa yana wucewa da wuta. Lemon tsami da aka soka wa ƙusa mai rufin tutiya da guntun tagulla yana ba da kusan bolt 0.9, amma kwararar ƙarama ce ƙwarai, sai an jera uku ko huɗu kafin ƙaramin ƙwan LED, irin na tocilan zamani, ya ɗan kyafta. Akwai kuma kwaɓin fulawa mai gishiri, wanda AnnMarie Thomas ta Jami'ar St. Thomas a Minnesota ta yaɗa, da yara ke murzawa ya zama musu waya.

Ƙwan tocila mai zare ya yi wuya yanzu, LED ya maye gurbinsa, kuma wannan ya ɗan ɓata darasin. LED ba ya kamawa sai an juya doguwar ƙafarsa wajen kan batir, batir guda mai bolt 1.5 ba ya kunna shi, kuma a kan bolt 9 yana ƙonewa idan ba a sa masa turjiya ta kusan om 350 ba.

Akwai kuma kwaikwayon kwamfuta na PhET, wanda Carl Wieman ya kafa a Jami'ar Colorado a 2002. Yana nuna motsin da ido ba ya gani a cikin waya, sai dai ba ya koya wa yaro neman wayar da ta saki ko batir da ya mutu.

Kiyaye haɗari

Da batir kaɗai ake waɗannan gwaje-gwaje. Wutar soket a Najeriya da Nijar tana tsakanin bolt 220 da 240, tana kisa. Batirin mota bolt 12 ne kawai, amma idan waya ta haɗa kawunansa biyu tana iya yin ja ta narke a hannu. Ƙananan batura masu kama da maɓallin riga kuma ana nisanta su da ƙananan yara, domin idan aka haɗiye ɗaya yana iya ƙona maƙogwaro cikin sa'o'i biyu.