Yadda Za a Hana Rezin Manne wa Mazubi Ba Tare da Wuƙa ko Wuta Ba

A aikina na zagayawa wurin masu sana'ar hannu, mafi yawan raunukan da nake gani a hannun masu zuba rezin, wato ruwan roba mai kauri da ake zubawa a mazubi ya daskare ya yi tauri, suna faruwa ne washegarin zubi, lokacin da aka zo ciro abin wuya ko madannin makulli ko faifan ɗora kofi, aka tarar ya kama mazubi ya ƙi fita. A nan ne mutum yake ɗauko wuƙa ya fara ƙwaƙula, ko ya kunna wuta, ko ya tuttula asiton, sinadarin da ake goge fentin farce da shi, a kan aikin da tafin hannunsa gaba ɗaya. Shi ya sa nake ɗaukar batun mannewar rezin a matsayin batun lafiya, domin wanda aikinsa yake fita salin alin ba shi da dalilin taɓa waɗannan abubuwa.

Ya kamata a fara sanin cewa rezin ɗin ifoksi, wanda aka fi amfani da shi a ƙananan ayyukan ƙawa, asalinsa abin manne kaya ne. Yana kama katako da filasta da siminti da gilashi da ƙarfe, kuma kamun nasa ba na wasa ba ne. Abubuwan da yake sakewa ba su da yawa: silikon (roba mai laushi da ake yin mazubi da ita), da robar foliyetilin, da robar folifurofilin, da Teflon (shafin da ke hana abinci kama tukunya), da duk wurin da aka shafe da kaki. Saboda haka tambayar farko kafin a haɗa komai ita ce da me aka yi mazubin. Wanda ya zuba rezin a kofin gilashi ko gwangwanin ƙarfe ba tare da shafi ba, ya riga ya manne su wuri ɗaya, kuma babu dabarar da za ta raba su cikin sauƙi.

Sau da yawa kuma laifin ba na mazubin ba ne, rezin ɗin ne bai daskare ba. Ifoksi ruwa biyu ne, rezin da ruwan daskararwa, kuma kowane kamfani yana rubuta gwargwadon haɗinsa a jikin gora, wani 1:1, wani 2:1, wani ana aunawa da kofi, wani da sikeli. Ba a musanya waɗannan ma'aunai biyu, domin nauyin ruwan biyu ba ɗaya ba ne. Akwai kuskuren da nake yawan ji, wai idan aka ƙara ruwan daskararwa aiki zai fi saurin bushewa. A ifoksi wannan ƙarin yana barin wani kaso na sinadarin ba shi da abokin haɗuwa, sai aikin ya zauna da laushi da danƙo. A juya haɗin a hankali na kimanin minti 3, ana kankare gefen kofi da ƙasansa, sannan a juye shi a wani kofi mai tsabta a sake juyawa. Wannan juyewar ta biyu tana cin ɗan lokaci, amma ita ce take hana ɗigon da bai haɗu ba ya gangara cikin mazubi ya zama tabo mai yauƙi. Ɗakin aiki ya fi dacewa ya kasance tsakanin digiri 21 zuwa 27 a ma'aunin Salshiyas, kuma yawancin rezin yana bukatar awa 24 zuwa 72 kafin a ciro shi. Gaggawar cirowa ita kaɗai tana sa aiki mai kyau ya lanƙwashe ya bar fatarsa a jikin mazubi.

Abin da nake so a fi tsayawa a kansa shi ne zafi. Idan ruwan biyu suka haɗu, su da kansu suke fitar da zafi, kuma gwargwadon kaurin zubin gwargwadon zafin da zai taru a cikinsa. Rezin ɗin da aka yi domin shafe saman teburi ana so a zuba shi ƴan milimita kaɗan, yayin da wanda aka yi domin zubi mai zurfi yake daskarewa a hankali cikin kwanaki domin kada ya ɗauki zafi. Idan aka cika mazubi mai zurfi da irin na farko, yana iya yin hayaƙi, ya tsage, ya gasa fuskar silikon har su zama abu ɗaya. Hayaƙin nan kuwa ba abin shaƙa ba ne; idan ya taso, a buɗe tagogi a bar ɗakin har ya lafa. Ga kuma al'adar bi ta saman zubi da harshen wuta domin fasa kumfa, wadda a ganina ita ce ta fi kowace halaka mazubai. Silikon yana jure ɗumi, amma harshen wuta ya fi ƙarfinsa, kuma wurin da wutar ta lasa shi ne daidai wurin da rezin zai kama, galibi a baki-baki. Gara a ɗumama gorar rezin cikin ruwan ɗumi kafin a haɗa, a juya a hankali, a zuba siriri daga gefe ɗaya, sannan a ɗebe kumfar da tsinke.

Shi ma mazubin silikon yana tsufa. Kowane zubi yana ɗan cin fuskarsa, sai sheƙin ya fara dusashewa, ya yi fari-fari, ya bushe, daga nan ya fara yagewa a kusurwoyi. Silikon ɗin da aka daskarar da filatinam ya fi wanda aka daskarar da kuza daɗewa, amma babu wanda ba ya ƙarewa. A wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu mai laushi, a ɗauke ƙura da salatif, a bar shi ya bushe sarai, a ajiye shi a shimfiɗe nesa da rana. Kada a goge shi da soso mai kaushi, domin kowane ƙarce sabon wurin kamu ne. Bushewar tana da muhimmanci musamman ga masu zuba foliyuretan, saboda wannan rezin yana yin kumfa da zarar ya haɗu da damshi.

Dangane da shafin da ake yi domin raba rezin da mazubi, sabon silikon mai santsi yakan saki aiki ba tare da shi ba, amma shafi mara kauri yana ƙara masa kwana, musamman idan yana da zane mai lunguna. Mazubi mai tauri kuwa dole ne a shafe shi. Masu aikin foliyesta, wani nau'in rezin, sun daɗe suna amfani da kakin karnuba, wanda ake samu daga ganyen wata bishiya dangin giginya a Brazil: a shafa, a bari ya sha iska, a goge, a maimaita sau da yawa a kan sabon mazubi, sannan a bi da ruwan PVA, wanda yake bushewa ya zama siririyar fata da ake wankewa da ruwa. Basilin yana aiki idan aka shafa shi kaɗan aka goge, sai dai yana dusar da sheƙi. Katako da filasta suna da ƙananan ƙofofi da suke tsotse ruwa, don haka sai an toshe su da fenti ko banish tukuna, ko a lulluɓe katakon da faffaɗan salatif mai santsi. Kuskuren da aka fi yi shi ne yawaitawa: shafin da ya taru a lungu yana cike zane, ya bar tabo, ya hana fenti kama aikin daga baya. Irin na feshi kuma da yawa suna kama wuta, saboda haka a fesa a wuri mai iska, nesa da duk wani abu da aka kunna.

Idan duk da haka aiki ya kama, a fara duba ko ya daskare. Idan farce yana shiga, a mayar da shi wuri mai ɗumi a ƙara masa kwana ɗaya ko biyu. Idan ya yi tauri, a janye bakin silikon a kewaye domin iska ta shiga, a ɗiga ruwan sabulu a tsakani, a murza a hankali. Sanya shi a firiza na minti 10 zuwa 15, a cikin leda a ɗaure nesa da abinci, yakan sa ya saki. Idan ya ƙi, a ɗora shi a kan teburi a yanka mazubin da wuƙa tana fuskantar nesa da jiki. Asarar mazubi ɗaya ta fi ɗinki a tafin hannu sauƙi. Wanda kuwa ya wuce lokacin daskarewarsa da kwanaki yana yauƙi ba zai gyaru ba, sai a kwashe shi da safar hannu, kada a zuba shi a magudanar ruwa.

Wannan rezin mai yauƙi shi ne ya fi damuna. Ifoksin da bai daskare ba, da sinadaran amin da suke cikin ruwan daskararwa, suna sa fata ta ƙi jininsu, kuma wanda jikinsa ya kai wannan matsayi yakan ci gaba da ƙaiƙayi da ƙuraje da kumburin fatar ido duk sanda ya kusance su, har wasu su bar sana'ar dole. A sa safar hannu ta robar naitiril, a canza ta idan ta ɓaci. Idan rezin ya taɓa fata, a goge da tsumma, a wanke da sabulu da ruwa. Asiton yana narkar da shi ne ya kuma kwashe maiƙon fata, ya buɗe masa hanyar shiga. Idan ya fantsama a ido, a wanke da ruwa mai gudana na aƙalla minti 15 a tafi asibiti da gorar a hannu, musamman idan sinadarin MEKP ne, wato ruwan daskararwar foliyesta, wanda ɗigo kaɗan nasa yake iya lalata ido. Mazubin da rezin ya taɓa shiga kuma kada a sake zuba wani abin ci a cikinsa, ko da an wanke shi.