Me ake nufi da "shirin shiga kwaleji da kama aiki" a lissafin sakandaren Amurka?

A ce yarinya ta gama aji 12, ajin ƙarshe, a wata makarantar sakandare a Amurka, takardar shaida a hannu, ba ta taɓa faɗuwa lissafi ba a shekarun nan huɗu. Ta je kwaleji ta yi rajista. Kafin a ba ta kwasa-kwasai sai aka zaunar da ita gaban kwamfuta don gwajin tantance matsayi. Da sakamako ya fito aka ce ba ta kai ga lissafin shekarar farko ba, sai ta fara da ajin cike giɓi. Ajin nan biyansa ake yi kamar kowane kwas, yana cin zango ɗaya ko biyu, wani lokacin har uku, amma makinsa ba ya shiga cikin abin da ake tarawa a sami digiri. Makarantar da ta yaye ta ta ce ta iya, kwaleji ta ce da saura. Babu wadda ta yi ƙarya a cikinsu, kowacce da mudun da ta auna da shi.

Wannan saɓanin mudu shi ya haifi maganar da ta cika bakin masu tsara ilimi a Amurka tun farkon shekarun 2000, wato daidaita ma'aunan lissafin sakandare da shirin shiga kwaleji da kama aiki. Kalmomi uku ne ke ɗauke da nauyin maganar: ma'auni, daidaitawa, da shiri.

Ma'auni daban, manhaja daban, kuma mutane da yawa kan haɗa su. Ma'auni jumla ce da ke faɗin abin da ya kamata ɗalibi ya iya yi idan ya kai wani mataki. Yadda za a koyar da shi, da littafin da za a buɗe, da makon da za a fara, wannan aikin manhaja ne da malami. Wani ma'auni zai ce ɗalibin sakandare ya iya warware lissafi irin x² − 5x + 6 = 0, ya gano cewa x na iya zama 2 ko 3. Wani zai ce ya iya bambance abin da ke ƙaruwa da adadi guda kowace shekara da abin da ke ƙaruwa da kaso. Na biyun nan ya fi kama da rayuwa. Bashin dala 1,000 da ake ɗora wa dala 100 duk shekara zai kai dala 3,000 bayan shekara 20. Idan kuwa kashi 10 cikin ɗari na abin da ya taru ake ɗorawa duk shekara, zai haura dala 6,700. Duk matashin da zai sa hannu a takardar rancen karatu ya kamata ya ga wannan bambancin tun kafin ya ɗauki biro.

Daidaitawa kuma hanya ce ta aiki: a fara daga ƙarshe a dawo baya. A je wurin malaman da ke koyar da 'yan shekarar farko a kwaleji, da masu ɗaukar ma'aikata, a tambaye su abin da suke bukata sabon zuwa ya zo da shi. Daga nan a tsara aji 12 ya kai ɗalibi bakin wannan ƙofar, aji 11 ya kai shi aji 12, haka har ƙasa. Da ma a Amurka harkar makarantu a hannun jihohi take, kowace cikin jihohi 50 tana rubuta nata ma'aunin. Dokar tarayya da Shugaba Bush ya sa wa hannu a Janairun 2002 ta tilasta wa jihohi yin jarrabawa duk shekara, amma ta bar wa kowace ta yanke inda "ya iya" ya fara. Wasu jihohin suka sassauta, ya zama yaron da ake kira gwani a wannan jiha, da ya ƙetara iyaka sai ya koma mai rauni. Ƙungiyar Achieve, wadda gwamnoni da shugabannin kamfanoni suka kafa a 1996, ita ta ja gaba wajen wannan tambaya daga ƙarshe, kuma a 2004 wani shirin haɗin gwiwa da take ciki ya ba da shawarar kowane ɗalibi ya yi lissafi shekara huɗu, har da Aljabara ta Biyu, wato kwas na biyu na aljabara a sakandare. Daga wannan tushen aka gina Common Core, ma'aunan bai ɗaya da ƙungiyar gwamnoni da ta shugabannin ilimi na jihohi suka fitar a Yunin 2010. Jihohi sama da 40 suka karɓa, wasu da kwaɗayin tallafin dala biliyan 4.35 da gwamnatin Obama ta sa jihohi su yi gasa a kai. Texas, Virginia, Alaska da Nebraska suka ƙi, Minnesota ta ɗauki na Ingilishi ta bar na lissafi. Daga baya siyasa ta shiga, Indiana da Oklahoma suka fice a 2014. Dokar 2015 da ta maye gurbin ta Bush ta hana tarayya tilasta wa jiha wani ma'auni, amma ta ce dole ma'aunin kowace jiha ya dace da sharuɗɗan shiga kwasa-kwasan da ake ba wa maki a manyan makarantun gwamnatin jihar, da kuma ma'aunan koyon sana'a. Sunan Common Core ya yi baƙin jini a wurare da dama, manufar daidaitawa kuwa ta zauna cikin doka.

Sai kalmar shiri. A ɓangaren kwaleji ma'anarta a fili take: ɗalibi ya shiga kwas na shekarar farko kai tsaye, ba tare da ajin cike giɓi ba, kuma ya ci. Masu jarrabawar ACT, ɗaya daga cikin jarrabawoyin neman shiga kwaleji, sun sa mata lamba. Wanda ya sami maki 22 cikin 36 a lissafi, a ƙiyasinsu yana da damar kashi 50 cikin ɗari ta samun B ko sama a kwas ɗin aljabara na kwaleji, da kusan kashi 75 ta samun C ko sama. A takwararta, jarrabawar SAT, layin lissafi yana kan 530 cikin 800. A lura da abin da aka auna da shi, wato kwas ɗin aljabara, wanda shi kansa an gina shi ne a matsayin matakala zuwa kalkulas, wato lissafi mai zurfi na yadda abubuwa ke canzawa.

A nan ne nake ganin maganar ke ɗingishi, domin rabinta na biyu, kama aiki, an jingina shi ne kawai da na farko. A 2006 ACT ta fitar da rahoto cewa matakin lissafin da ake bukata don kwaleji da wanda ake bukata don horon aiki mai albashi na kirki kusan ɗaya ne, kuma wannan ya yi wa masu tsara manufa daɗi, tunda mudu ɗaya ya fi sauƙin riƙewa. Amma a dubi aikin da kansa. Ma'aikaciyar jinya ta ga likita ya rubuta miligiram 250, kwalbar kuma ta ce miligiram 125 a kowane mililita 5. Dole ta san mililita 10 za ta ja a sirinji, cikin sauri, da tsakar dare, ba tare da kuskure ba. Kafinta mai son kusurwar ɗaki ta tsaya daidai zai auna ƙafa 3 a wannan gefe, 4 a wancan, ya tabbatar tsakaninsu 5 ne. Duk wannan lissafin rabo ne da awo da ɗan jiyometiri, abin da ake koyarwa tun aji 6 zuwa 8. Wani bincike da NCEE, wata cibiyar nazarin ilimi da tattalin arziki, ta fitar a 2013 kan kwasa-kwasan shekarar farko a kwalejoji masu shekara biyu ya gano haka: yawancinsu lissafin ƙaramar sakandare suke bukata, sai dai ɗalibai da yawa ba su riƙe shi da kyau ba. An yi ta gudu da su zuwa Aljabara ta Biyu alhali rabo da kaso ba su zauna ba. Gini a kan tushe mai rawa, ko ya yi tsawo ba ya ɗaukar kaya.

Duk da haka ban ga dalilin raina masu kare aljabara ba. Hujjarsu mai ƙarfi ce. Binciken da Clifford Adelman ya yi wa ma'aikatar ilimi ta tarayya a 1999 ya nuna cewa nisan da ɗalibi ya yi a lissafin sakandare yana cikin manyan alamomin ko zai kammala digiri, musamman idan ya wuce Aljabara ta Biyu. Kuma yaro ɗan shekara 15 da aka ce masa ya bar aljabara ya ɗauki hanya mai sauƙi, an rufe masa ƙofar injiniyanci da kimiyyar kwamfuta tun bai san yana sonsu ba. Tarihi ya nuna 'ya'yan talakawa da na baƙar fata aka fi turawa wannan hanyar, abin da ya sa masu fafutukar adalci da yawa ke tsoron duk wani rabe-rabe.

Gyaran da ake yi yanzu ta gefe biyu yake zuwa. Kwalejoji sun fara canza ƙofarsu: cibiyar Dana ta Jami'ar Texas da ke Austin ta daɗe tana yaɗa tsarin da mai karatun zamantakewa ko aikin jarida zai fara da ƙididdiga, mai injiniyanci ya bi hanyar kalkulas. Tennessee tun 2015 take saka ɗaliban kwalejojinta masu shekara biyu cikin kwas mai maki kai tsaye, a haɗa musu da ƙarin darasin tallafi a zango guda, Jami'ar Jihar California kuma ta daina azuzuwan cike giɓi marasa maki daga 2018. A gefen sakandare, Texas ta cire Aljabara ta Biyu daga jerin abin da ya wajaba a kan kowane ɗalibi bayan dokarta ta 2013. Makarantu da dama a California sun buɗe kwasa-kwasan nazarin bayanai a madadinta, sai dai a 2023 kwamitin malaman Jami'ar California mai kula da sharuɗɗan shiga ya yanke cewa irin waɗannan kwasa-kwasan ba za su tsaya a madadin Aljabara ta Biyu ba, don aljabarar da ke cikinsu ta yi kaɗan.