Haɗuwar ragowar amino asid a cikin tsarin furotin

Haɗuwar ragowar amino asid ita ce kusancin da ake samu tsakanin amino asid biyu bayan sarƙar furotin ta naɗe, har atam ɗinsu su riƙa tasiri a kan juna. Furotin sarƙa ce da ake ƙullawa da amino asid iri 20. Duk sanda biyu suka ƙullu sai ƙwayar ruwa ɗaya ta fita, abin da ya saura a jikin sarƙar shi ake kira ragowa. Kowace ragowa tana da gindi iri ɗaya da na sauran, da kuma reshe nata na kanta, wanda shi ke bambanta ta.

Sarƙar ba ta zama a miƙe. Idan mutum ya dunƙule carbi a tafin hannunsa, ƙwaya ta biyar tana iya jingina da ta tamanin, alhali a jikin zaren suna nesa da juna. Haka furotin yake, sai dai shi kullum naɗi ɗaya yake komawa, kuma waɗannan haɗuwa su ne ke riƙe da siffarsa. Siffar kuwa ita ce aikin: da ita himoglobin ke ɗaukar iskar oksijin, da ita insulin ke gane mazauninsa a jikin ƙwayar halitta.

Yadda ake aunawa

Ma'aunin wannan fanni shi ne angstrom, wanda ake rubutawa Å, wato kashi ɗaya cikin goma na nanomita. Babu iyaka guda da kowa ya amince da ita. A gasar hasashen tsarin furotin ta CASP, ana cewa ragowa biyu sun haɗu idan tazarar da ke tsakanin kabon na farko na rassansu, wato kabon beta, ba ta kai 8 Å ba. Amino asid ɗin da ake kira glaisin ba shi da wannan kabon, don haka ake auna shi daga kabon alfa, wato kabon gindi da reshe ke fitowa daga jikinsa. Wasu masu bincike sun fi son su duba dukkan atam in ban da haidrojin, su yanke iyaka a 4.5 ko 5 Å. Ɗalibin da zai kwatanta sakamakon bincike biyu, gara ya fara duba wace iyaka kowanne ya ɗauka, don adadin haɗuwar yana sauyawa sosai da ita.

Maƙwabta a jikin sarƙa ba a lissafa su, tunda kabon alfa na ragowa biyu da ke jere kusan 3.8 Å ne tsakaninsu ko yaya furotin ya naɗe. Ana raba sauran gida uku: na kusa, masu tazarar ragowa 6 zuwa 11, matsakaita, 12 zuwa 23, da na nesa, daga 24 zuwa sama. Na nesan su ne masu daraja, su ke faɗin yadda sarƙar ta juyo ta haɗu da kanta. A 1998 Plaxco da Simons da Baker suka nuna cewa ƙananan furotin da yawancin haɗuwarsu ta kusa ce sun fi saurin naɗewa.

Abin da ke riƙe da haɗuwar

Mafi girman ƙarfin shi ne gudun ruwa. Rassan amino asid irin su balin, lusin, aisolusin da fenilalanin ba sa jituwa da ruwa, saboda haka suke tattaruwa a tsakiyar furotin su matse, masu son ruwa kuma su tsaya a waje. Walter Kauzmann ya bayyana muhimmancin wannan a 1959. A can ciki atam suna cushe ƙwarai, kusan babu gurbin da ya rage, kuma kowane biyu da suka taɓa juna suna ɗan jan juna. Jan ɗaya ba komai ba ne, amma idan dubbai suka taru sai ya zama abin lissafi.

Sai ɗaurin haidrojin, mai tsawon kusan 3 Å tsakanin naitrojin da oksijin. Shi ke gina murɗin alfa, wato sashen sarƙa da ya murɗe kamar igiya, inda kowace ragowa ke riƙe da ta huɗu a gabanta, zagaye ɗaya kuma ya ɗauki ragowa 3.6. Shi ne kuma ke jera sassan sarƙa gefe da gefe a shimfiɗar beta. Linus Pauling da abokan aikinsa ne suka fitar da waɗannan siffofi biyu a 1951, tun kafin a ga tsarin furotin ko ɗaya. Akwai gadar gishiri, inda reshe mai cajin nagatif kamar na glutamik asid ke jan mai cajin fozitif kamar na laisin ko ajinin, a tazarar da ba ta wuce 4 Å ba. Na ƙarshe shi ne ɗaurin daisalfaid, inda atam biyu na farar wuta daga ragowar sistayin biyu ke ƙulluwa a kusan 2 Å. Insulin, mai ragowa 51, yana da irinsa guda uku, biyu daga ciki su ke haɗa sarƙoƙinsa biyu.

Duk da tarin waɗannan, ribar naɗewa kaɗan ce: furotin naɗaɗɗe bai fi warwararre kwanciya ba sai da kilokalori 5 zuwa 15 a kowane mol. Zafi ko tsami kaɗan ya isa ya rushe shi. Mai yin awara tana aiki da wannan kowace safiya. Tafasa madarar waken suya yana warware furotin, rassan da ke ɓoye su fito fili. Ruwan tsami da ta zuba kuma yana kashe cajin da ke sa ƙwayoyin ture juna, sai su manne su yi curi, ruwa ya ware gefe.

Christian Anfinsen ya gwada akasin haka da ribonukliyes, furotin mai ragowa 124 da sistayin takwas. Takwas ɗin suna iya haɗuwa biyu-biyu ta hanya 105, amma da ya warware furotin ya cire magungunan da suka warware shi, sai ya koma haɗin asali da kansa, aikinsa ya dawo. Wannan ya nuna jerin amino asid kaɗai ya ƙunshi bayanin wace ragowa za ta taɓa wace. An ba shi kyautar Nobel a 1972.

Taswirar haɗuwa da hasashe

Ana jera lambobin ragowa a kwance da kuma a tsaye, a sa ɗigo duk inda biyu suka haɗu. Sarƙa mai ragowa 146 tana da biyu-biyu 10,585, amma kaɗan ne ke samun ɗigo. Murɗin alfa yakan fito a matsayin kauri a jikin layin da ya ratsa daga kusurwa zuwa kusurwa. Shimfiɗar beta mai sassa masu fuskantar gefe ɗaya tana bin layin a gefe, mai sassa masu saɓani kuma tana gicciye shi. Taswirar ba ta sauyawa ko an juya furotin ta ko'ina, amma ba ta iya bambanta shi da hotonsa na madubi.

Tun 1958, da John Kendrew ya fitar da tsarin furotin mayoglobin, ana samun tazarar ne daga gwaji. Rumbun PDB, inda ake ajiye tsarin furotin da aka gano, ya fara da tsari bakwai a 1971, yanzu ya haura 200,000. Hasashe daga jeri kaɗai ya dogara da wata lura: idan ragowa biyu suna taɓa juna, sauyin ɗaya a tsawon zamani yakan tilasta wa ɗayar sauyawa, babba ta shigo, maƙwabciyarta ta ƙanƙance. An fara gwada wannan a 1994, amma sai wajen 2011 lissafin ya iya ware haɗuwa ta gaskiya daga wadda ta biyo ta hannun ragowa ta uku. AlphaFold, shirin kwamfuta na kamfanin DeepMind, ya gina a kan wannan, ya yi zarra a CASP ta 2020, kuma a 2024 Demis Hassabis da John Jumper suka raba kyautar Nobel da David Baker. Ɗalibi a Jami'ar Bayero yana iya sauke waɗannan tsare-tsare kyauta ya auna tazarar da kansa a kwamfuta.

Sikila

A Kano babu misalin da ya fi ciwon sikila kusa da mutane. Himoglobin yana da sarƙa huɗu, alfa biyu masu ragowa 141, beta biyu masu 146. Vernon Ingram ya gano a 1956 zuwa 1957 cewa bambancin na mai sikila, wato himoglobin S, da na kowa, wato himoglobin A, ragowa ɗaya ce: ta shida a sarƙar beta, inda balin ya maye gurbin glutamik asid. Naɗin ƙwayar kusan bai sauya ba. Abin da ya sauya shi ne an sami reshe mai gudun ruwa a waje, inda bai kamata ba. Idan himoglobin ya sauke oksijin, balin ɗin yakan shige wani ɗan gurbi tsakanin fenilalanin ta 85 da lusin ta 88 a jikin wata ƙwayar himoglobin da ke kusa. Ita ma ta kama ta gaba, har su zama dogayen zaruruwa masu igiya 14, su miƙar da jar ƙwayar jini ta lanƙwashe ta yi tauri. Toshewar ƙananan jijiyoyi da ciwon ƙashi da iyaye ke kwana da shi a asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, daga wannan haɗuwa suka faro.

Himoglobin na tayi ba ya shiga cikin zaren, shi ya sa jarirai ba su cika nuna alama ba sai wajen wata shida, lokacin da ya ja baya. Maganin haidroksiyuriya yana ƙara yawansa ne. A wani nau'in kuma, himoglobin C, laisin ne ya zauna a gurbi na shida, ba ya yin zaren, amma haɗuwarsa da S tana kawo ciwo.

Gwajin jinotayif, wanda dokar Jihar Kano ta 2024 ta sa cikin gwaje-gwajen kafin aure, ya dogara da wannan gurbi na shida. Ana ɗiga jini a kan takarda ta musamman a sa mata lantarki. Himoglobin A ya fi yawan cajin nagatif, sai ya yi gaba. S da ya rasa glutamik asid ya biyo baya. C mai laisin ya tsaya can baya. Mai AS yakan ga layi biyu a takardarsa, mai SS kuma ba a ganin layin A a tasa.