Waiwaye: Yadda Babban Bankin Amurka Ya Kula da Bankuna a Jajibirin Yaƙin 1917

Lokacin da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya ranar 6 ga Afrilun 1917, babban bankinta, Federal Reserve, bai cika shekara 3 da buɗe ƙofa ba. Shugaba Woodrow Wilson ya sa hannu a dokar kafa shi ranar 23 ga Disambar 1913, aka rantsar da hukumar gudanarwarsa a Washington cikin Agustan 1914, daidai lokacin da wuta ta tashi a Turai, sannan bankunan shiyya 12 suka fara aiki ranar 16 ga Nuwamba. Shirin yaƙin da wannan banki ya yi bai zo da ganga ko shela ba. A cikin aikin yau da gobe aka yi shi: wace takardar bashi za a karɓa, ina za a ajiye zinare, wane banki zai shigo tsarin, wa zai duba littattafan wa.

Tsarin da kansa rabon iko ne. Hukumar Washington tana da mutum 7, biyu daga cikinsu saboda muƙaminsu na gwamnati suke zama: Sakataren Baitulmali William McAdoo, wanda shi ne shugaban zama, da Kwanturolan Kuɗi John Skelton Williams, mai kula da bankunan da ke da lasisin tarayya. Sauran biyar ɗin shugaban ƙasa ne ya naɗa su, cikinsu akwai Charles Hamlin da W.P.G. Harding da Paul Warburg. Kowane bankin shiyya kuma yana da daraktoci 9: bankuna mambobi ne ke zaɓen 6, uku ma'aikatan banki, uku daga 'yan kasuwa da manoma da masu masana'antu, hukumar Washington ta naɗa ukun da suka rage. Duk bankin da ke da lasisin tarayya dole ne ya zama mamba, ya kuma sayi hannun jarin bankin shiyyarsa da kashi 6 cikin 100 na jarinsa da rarar da ya tara. Rabi ake biya kashi-kashi cikin watannin farko, rabi ya zauna sai an nema, ribar da ake ba shi kuma ba ta wuce kashi 6 cikin 100 a shekara. Bankunan da ke da lasisin jiha an bar musu zaɓi, kuma yawancinsu suka noƙe. A ƙarshen 1916, guda 37 kacal suka shigo, alhali dubbai ne a faɗin ƙasar.

Abin da hukumar ke yini tana yi ƙananan ayyuka ne. Bankin shiyya zai aiko da kuɗin ruwan da yake son sawa, a duba a amince ko a mayar. Wani bankin tarayya zai nemi izinin riƙon amanar dukiyar marayu da wasiyya. Wani attajiri zai nemi a bar shi ya zauna a kujerar darakta a banki fiye da ɗaya, abin da dokar Clayton ta 1914 ta taƙaita, sai gyaran 1916 ya ba hukumar damar yarda idan bankunan ba sa gogayya da juna sosai. Har albashin manyan ma'aikatan bankunan shiyya sai ya bi ta teburinta.

Zuciyar aikin dai ita ce sayen takardun bashi da ragi. A ce ɗan kasuwar auduga a Texas ya karɓi dala 10,000 a bankin garinsu, ya sa hannu zai biya bayan kwana 90. Idan bankin ya matsu da tsabar kuɗi, sai ya sa nasa hannun a bayan takardar, ya aika ta bankin shiyya na Dallas tare da bayanin wanda ya ci bashin da abin da zai yi da kuɗin. Idan kuɗin ruwa kashi 4 cikin 100 ne, za a cire dala 100, a rubuta masa 9,900 a asusunsa. Doka ta ce bashin ya kasance na kasuwanci ko noma ko masana'antu, wa'adinsa kada ya wuce kwana 90, na noma da kiwo kuma wata 6. Bashin cacar hannun jari ba ya shiga. Tunanin masu dokar shi ne kuɗi su ƙaru idan kaya na tafiya kasuwa, su ragu idan an sayar an biya. A bayan wannan kuma akwai takunkumin zinare: kashi 40 cikin 100 na takardun kuɗin da bankin shiyya ya fitar, da kashi 35 cikin 100 na ajiyar da ke hannunsa, wanda shi kuma zai iya zama zinare ko halastaccen kuɗin ƙasa.

Binciken littattafai shi ne wurin da aka fi samun tangarɗa. Doka ta wajabta wa Kwanturola ya tura masu bincike kowane bankin tarayya aƙalla sau 2 a shekara, kuma ta daina biyan su da ladan da ake yankewa bisa kowane banki, ta mayar da su kan albashi. Wannan gyara ne mai kyau ƙwarai, domin mai binciken da ake biya bisa yawan bankunan da ya zaga, sauri zai riƙa yi, ya ƙirga kuɗin akwati ya wuce ba tare da ya zauna kan takardun bashi ɗaya bayan ɗaya ba. Sai dai rahoton yana hannun Kwanturola, bankin shiyyar da ke ba da rancen kuma shi ne ke ɗauke da haɗarin. An sha ja-in-ja tsakanin Williams da bankunan shiyya a kan nawa ne daga cikin rahoton za su gani. Bankunan jiha kuwa, babban abin da ya hana su shigowa shi ne tsoron bincike biyu, na jiha da na tarayya, ga kuma asarar ladan da suke cirewa idan an kawo caki daga wani gari, tunda daga 1916 tsarin ya tsaya a kan a biya caki cif yadda aka rubuta shi.

Kafin yaƙin ya iso an riga an shimfiɗa wasu bututai da daga baya suka ɗauki nauyi mai yawa. A 1915 aka kafa asusun zinare na bai-ɗaya a Washington, ta yadda idan bankin Chicago na bin na New York, ba sai an loda zinare a jirgin ƙasa ba, a littafi kawai za a sauya lissafi. Daga farkon 1916 bankunan shiyya suka zama wakilan baitulmali wajen karɓa da biyan kuɗin gwamnati. Sai gyaran ranar 7 ga Satumbar 1916, wanda a ganinmu shi ne ya fi kowanne tasiri duk da ƙanƙantarsa a takarda: aka yarda banki mamba ya ci bashin kwana 15 da sa hannunsa kawai, ya ba da jinginar takardun kasuwanci ko takardun lamunin gwamnati. Daga ranar, ba sai banki ya nuna auduga ko alkama a hanya ba kafin ya samu kuɗi daga babban banki. Takardar gwamnati ta wadatar.

A ƙarshen Nuwambar 1916 hukumar ta yi abin da ya girgiza Landan. Kamfanin J.P. Morgan, wanda ke yi wa Birtaniya da Faransa sayayya da neman rance a Amurka, ya shirya sayar wa bankuna takardun bashin baitulmalin ƙasashen biyu masu gajeren wa'adi, ba tare da jingina ba. Hukumar ta fitar da gargaɗi ga bankuna mambobi cewa kada su ɗaure kuɗinsu a irin waɗannan takardu, domin sunansu gajeren wa'adi amma sabunta su za a yi ta yi har yaƙi ya ƙare. Ta fuskar kula da bankuna hujjar tana da ƙarfi: kuɗin ajiyar da mai shi zai iya nema gobe bai kamata ya maƙale a bashin da ba a san ranar biyansa ba. Amma akwai siyasa a ciki, don Wilson da kansa ya ga sanarwar kafin ta fita, ya kuma so a ƙara mata kaifi, a lokacin da yake matsa wa ɓangarorin biyu su zauna sulhu. A Maris ɗin 1917, bayan Jamus ta koma nutsar da jiragen ruwa ba kakkautawa kuma an yanke hulɗar jakadanci da ita, hukumar ta sassauta matsayinta. Takardun ba su canza ba a cikin 'yan watannin nan. Alƙiblar ƙasar ce ta canza.

A cikin watan Maris ɗin ne kuma McAdoo ya sa bankunan shiyya suka sayi takardun baitulmali na dala miliyan 50 kai tsaye, a kan kashi 2 cikin 100, ƙasa da abin da kasuwa ke biya. Wasu 'yan hukumar ba su ji daɗi ba, amma an saya.

Gyaran ranar 21 ga Yunin 1917 shi ne ya tattaro zinaren ƙasar wuri guda, kuma sai an yi lissafi ake gane dabararsa. A tsohuwar doka, bankin New York ko Chicago ko St. Louis yana keɓe kashi 18 cikin 100 na ajiyar da ake iya cirewa kowane lokaci, na sauran manyan birane kashi 15, na ƙananan garuruwa kashi 12. Sabon gyaran ya sauko da su zuwa 13 da 10 da 7, ajiyar wa'adi kuma daga 5 zuwa 3. Kamar sassauci ne, amma da sharaɗi: duka sai a bankin shiyya za a ajiye, kuɗin da ke cikin akwatin banki ba ya shiga lissafi. Ɗauki bankin ƙaramin gari mai ajiyar dala miliyan 1. A da zai keɓe 120,000, amma abin da tsohuwar doka ta tsara dole ya kai bankin shiyya 50,000 ne, 40,000 na akwatinsa. Yanzu 70,000 zai keɓe, kuma dukansu can za su tafi, sannan ya nemi na biyan masu zuwa kanta daban. Bankunan shiyya kuma suka riƙa riƙe takardun shaidar zinare da suka shigo hannunsu, suna sakin nasu takardun kuɗin a madadinsu. Takardar shaidar zinare ta dala 100 tana cin zinaren dala 100 cur, ta babban banki kuwa 40 take buƙata, wato dala ɗaya ta zinare tana iya ɗaukar dala biyu da rabi. A Satumba aka hana fitar da zinare waje sai da lasisi, aka ɗora wa hukumar aikin tantance masu nema.

Wannan gyaran ya kuma lallashi bankunan jiha: za su riƙe ikon da lasisin jiharsu ya ba su, za a iya karɓar rahoton masu binciken jiha a madadin sabon bincike, kuma wanda ya ga ba zai iya ba yana da damar fita bayan sanarwar wata 6. A Oktoba Wilson ya yi kira gare su da su shigo don kishin ƙasa. Zuwa ƙarshen 1917 sun kai 250, ƙarshen 1918 kuma 930.

Duk wannan shiri an yi shi ne don sayar da takardun lamunin yaƙi na gwamnati da ake kira Liberty. Zagayen farko ya nemi dala biliyan 2 a kan kashi 3.5 cikin 100, kuma zuwa 1919 zagaye biyar sun tara sama da biliyan 21. Gwamnonin bankunan shiyya, irin su Benjamin Strong na New York, su suka jagoranci kwamitocin sayarwa, aka yanka wa kowace shiyya da kowane banki kasonsa. Hanyoyi biyu suka sa abin ya tafi. Ta farko, bankin da ya sayi takardun baitulmali ba sai ya biya da tsaba nan take ba: zai rubuta a littafinsa cewa gwamnati na da ajiyar kaza a wurinsa, ya ba da jingina, baitulmali ya riƙa ja sannu a hankali, kuma wannan ajiya ba a keɓe mata kaso. Ta biyu, aka ƙarfafa wa jama'a gwiwa su ci bashi su saya. Mutum zai ba da ɗan kafin alƙalami a kan takardar dala 1,000, banki ya ranta masa sauran ya riƙe takardar a matsayin jingina, sannan bankin ya kai ta bankin shiyya ya karɓi kuɗi a kan ruwan da aka rage musamman don takardun gwamnati, wanda bai kai abin da takardar ke biya ba. Banki na cin riba a tsakani, saboda haka babu abin da zai sa ya daina.

A nan ne kulawar ta yi rauni, ba don masu bincike sun yi sakaci ba. Aikin mai bincike shi ne ya tambaya ko wannan bashin zai biyu, kuma bashin da takardar gwamnatin Amurka ke bayansa zai biyu. Kowane banki, idan aka duba shi shi kaɗai, lafiyarsa ƙalau. Abin da ba ya fitowa a rahoton kowane banki shi ne jimillar kuɗin da ake ƙirƙira a ƙasar baki ɗaya ba tare da kaya sun ƙaru ba, kuma makamin da zai tare wannan, wato ɗaga kuɗin ruwa, yana hannun hukumar da Sakataren Baitulmali ke shugabanta, mutumin da ya fi kowa buƙatar rance mai araha. An yi ƙoƙarin rage ɓarnar ta wata hanya a 1918, inda aka kafa kwamitin da ke tantance sabbin hannayen jari da lamunin kamfanoni, aka kuma roƙi bankuna su fifita bashin da ya shafi yaƙi. Roƙo bai iya tsayar da abin da araha ke turawa ba. Tsakanin 1915 da 1920 farashin kaya ya kusan ninkawa.

Yaƙin ya ci ma'aikata ma. Warburg, wanda ya fi yawancin abokan zamansa sanin aikin babban banki, haifaffen Hamburg ne, ɗan'uwansa Max kuma babban ma'aikacin banki ne a Jamus, ƙasar da Amurka ke yaƙa. Da wa'adinsa ya ƙare a Agustan 1918, bai koma kujerar ba.

Bayan tsagaita wuta a Nuwambar 1918, baitulmali ya ci gaba da neman a bar kuɗin ruwa ƙasa har a gama zagayen ƙarshe na 1919. Sai a Nuwambar shekarar aka fara ɗagawa, lokacin da zinaren tsarin ke gangarowa kusa da iyakar da doka ta gindaya. Bankin New York ya kai kashi 6 cikin 100 a Janairun 1920, sannan 7 a Yuni. Farashin amfanin gona ya faɗi warwas a 1920 da 1921, bankunan karkara da suka ba da bashi a kan tsadar alkama da auduga da filaye suka shiga uku, kuma ɗaruruwansu suka riƙa rufewa kowace shekara cikin shekarun 1920. Dokar bankuna ta 1935 ta cire Sakataren Baitulmali da Kwanturola daga hukumar. Duk da haka, da yaƙi na biyu ya zo, babban bankin ya amince a 1942 ya daskarar da ruwan gajerun takardun baitulmali a kan kashi 0.375 cikin 100, na dogon wa'adi kuma kada su haura 2.5, kuma bai kuɓuta daga wannan alkawari gaba ɗaya ba sai da yarjejeniyar da ya ƙulla da baitulmali a Maris ɗin 1951.