Kabanoma ta Gado

Kabanoma wani curi ne na ƙananan jijiyoyin jini da ke samuwa a ƙwaƙwalwa, wani lokaci a laka. Bangon jijiyoyin ba shi da kauri, jini na tafiya a hankali cikinsu, kuma yakan tsattsafo ya taɓa naman da ke kewaye. A asibitocin Saudiyya da Larabci ake kiranta tashawwuh kahfi, daga kalmar kahf, wato kogo, saboda ramukan da ke cikinta. Kusan mutum 1 cikin 200 na ɗauke da ita, da yawa ba su ma sani ba. Kimanin kashi 20 cikin 100 gadonta suka yi, kuma su ne akan samu da curi barkatai maimakon guda.

Farfaɗiya ce alamar da aka fi gani, sai ciwon kai, da raunin ɓarin jiki idan jini ya zuba. A gidan da kaka ta yi farfaɗiya, ga kawu, ga jika, ba wuya a ɗora wa iska laifi. Hoton MRI ne ke tona asirinta: curin kan fito kamar ƙwayar gugguru, baƙin zobe na tsohon jini ya kewaye shi.

Hausawan Makka da Jidda sun saba da gwajin kafin aure, wanda ya zama dole a Saudiyya tun 2004 saboda sikila da talasimiya, wata cutar jini ta gado. Wannan gwajin bai shafi kabanoma ba, hanyar gadon ma daban ce. Sikila sai uwa da uba sun haɗu a kanta. Kabanoma kuwa ɗaya daga cikinsu ya isa, kowane ɗa rabi da rabi ne: ko ya ɗauka ko ya tsira. Don haka auren zumunta, da akan yi saurin zargi, ba shi ne silarta ba.

Masu bincike sun gano ƙwayoyin gado uku da lahaninsu ke haddasa kabanoma: KRIT1 a 1999, CCM2 a 2003, PDCD10 a 2005. Ta ukun ta fi tsanani, takan bayyana tun ƙuruciya. Iyalan jihar Niyu Meziko ta Amurka masu asalin Sifaniya sun taimaka ainun, domin da yawansu lahani iri ɗaya suka gada daga kaka guda. A 2017 gwaji kan ɓeraye a Jami'ar Fensilbeniya ya nuna abin da ba a zata ba: wasu ƙwayoyin bakteriya na hanji suna ƙara haifar da curin.

Har yanzu tiyata da maganin farfaɗiya ake dogaro da su. Wani ƙaramin gwaji da aka yi a Italiya, aka wallafa a 2023, ya nuna alamar cewa furofranolol, tsohon maganin hawan jini, zai iya amfani, amma sai an gwada shi a kan mutane masu yawa kafin a tabbatar.